Yadda ake jinyar wanda shaye-shaye ya kama, tun daga ranar da aka gano har bayan sallama daga asibiti

Na daɗe ina aikin nas a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, kuma kusan kullum labarin iri ɗaya ne, sai an gama zagaye ko'ina sannan a iso mana. An kai shi wajen mai magani, an yi hayaƙi, yayyensa sun taru sun lakaɗa masa duka, an kulle shi a ɗaki sati biyu, wani ma an kai shi gidan mari ya dawo da tabo a idon sawu, sai da ya fara faɗuwa yana jijjiga ko ya fara surutu shi kaɗai sannan aka ce a tafi asibiti. Ba zargin iyaye nake ba wallahi, na ga uwar da ta sayar da ɗan kunnenta da awakinta duk a kan ɗa guda, matsalar dai babu wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga abin da za a fara, ga wanda zai biyo baya. Shi nake so in yi yanzu.

Ku fara sanin cewa ba gidanku kaɗai ba ne. Rahoton 2018 da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya fitar tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, miliyan 4.6 irin su tramol da kodin suke sha ba da umarnin likita ba, kuma cikin duk mutum huɗu ɗaya mace ce. A watan Mayun 2018 ɗin gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, toh amma wanda jikinsa ya riga ya saba ai doka ba ta warkar da shi, da yawa cikin waɗanda na yi jinya wata ƙwayar kawai suka koma. Yadda abin yake shi ne, yaro ya fara da tramol ɗaya don ya jure aikin gona ko leburanci ko tuƙin adaidaita sahu, bayan 'yan watanni ɗayar ba ta yi masa komai, sai biyu, sai huɗu, sai kati guda, daga nan fa ba don daɗi yake sha ba, don ya iya tashi daga kan katifa ne. Ƙwaƙwalwa da jiki sun canja, shi ya sa rantsuwa da Alƙur'ani a gaban Baba ba ta wuce kwana biyu, ba wai lallai ya raina rantsuwar ba ne.

Mataki na farko: ku san me yake sha

Wannan shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake raba rayuwa da mutuwa. "Yana shaye-shaye" ba ta ishe mu ba, muna so mu ji sunan abin, nawa a rana, tun yaushe, yaushe ya sha na ƙarshe, kuma da me yake haɗawa, don yanzu da wuya ka ga mai shan abu ɗaya tak. Ku duba ƙarƙashin katifa, aljihun wandon da ya cire, bayan banɗaki, cikin kwandon shara, duk fankon katin magani ko kwalba da kuka samu kar ku ƙone don haushi, ku zuba a leda ku ajiye, ranar zuwa asibiti ku taho da ita. Ku kuma karanta lambar da ke jikin katin. Tramol ɗin da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta amince da shi mai 50 ne da mai 100, kuma ko a asibiti ba a wuce miligiram 400 a yini, amma wanda ake sayarwa a ɓoye akwai mai 200, mai 225, har mai 250, kun ga ƙwaya biyu kawai an kai iyaka ko an wuce, daga nan ne farfaɗiyar take zuwa.

Jikinsa ma yana ba da labari. Mai kodin ko tramol za ku ga ƙwayar idonsa ta ƙanƙance kamar kan allura, yana gyangyaɗi a tsakiyar magana, yana yawan susa, bayan gida ya yi masa wuya. Mai rochi, wata ƙwayar barci mai ƙarfi, harshe ko leɓe kan yi shuɗi, magana na jan baki, gobe ya manta abin da ya yi jiya. Mai wiwi ido ja da yawan ci. Mai egzol, ƙwayar da asalinta maganin kakkarwa da sandarewar jiki ce, baki a bushe, yana ruɗewa yana ganin abin da babu. Mai shaƙar sholisho ko sukudayin warin yana jikin tsumman da yake riƙewa da kuma hannun rigarsa. Mai ais kuma, wani kayan maye mai kama da ƙanƙara da ke hana barci, zai kwana biyu uku bai runtsa ba, ya rame, yana zargin kowa.

Dalilin da ya sa na dage a nan: akwai abubuwan da in aka yanke su lokaci ɗaya za su iya kashe mutum. Giya ga wanda yake sha da yawa kullum, da dangin maganin barci irin su diazepam da ake kira D5 ko baliyam, da rochi. Waɗannan in an kulle mutum a ɗaki aka ce daga yau ka daina, zai iya kama jijjiga, ya fita hayyacinsa, ya mutu a bayan ƙofar da aka sa wa kwaɗo. A hankali ake rage su kuma likita ne yake tsara ragin. Kodin da allurar penta, wata allurar kashe ciwo mai ƙarfi, barinsu azaba ne sosai amma da wuya shi kansa ya yi kisa, sai dai in amai da gudawa sun ƙarar da ruwan jiki ba a kula ba. Tramol yana tsakiya, mai shansa da yawa shi ma gara a rage masa a hankali a hannun likita. Wiwi da ais kuma wahalar barinsu ta fi yawa a zuciya da barci da tunani.

Mataki na biyu: ku koyi abin yi in ya sha ya wuce kima, tun kafin ranar ta zo

Alamomi uku ne in sun haɗu kar a tsaya shawara: an tashe shi ya ƙi tashi, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi ya yi ƙasa. Lafiyayyen babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, ku ɗora ido a ƙirjinsa ku ƙirga da agogon waya, in ya gaza 10, ko yana wani irin minshari mai kama da kakari, ko leɓe da farce sun yi duhu, toh wannan ba barci ba ne. Mutane da yawa a nan ake rasa su, a ce ku ƙyale shi ya yi barci abin ya sake shi, da asuba a tarar da gawa.

Ku kwantar da shi ta gefe, ku ɗan ɗaga haɓarsa sama, ku lanƙwasa gwiwar da ke sama don kar ya mirgina, in ya yi amai ya zubo waje kar ya koma huhu. Kar a ɗura masa madara ko manja ko ruwan tsamiya, kar a sa masa yatsa a maƙogwaro, wanda ba ya cikin hayyacinsa duk abin da aka zuba masa huhu yake iya tafiya. In numfashin ya kusa tsayawa a kwantar da shi rigingine, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau ɗaya duk daƙiƙa biyar, ana yi ana neman mota. In jijjiga yake a janye duk abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, kar a danne shi, kar a cusa cokali a bakinsa, harshe ba ya haɗiyuwa, haƙori ne dai yake karyewa. A imajansi ku faɗi sunan abin da ya sha kai tsaye. Akwai allurar nalokson da take karya ƙarfin kodin da danginsa cikin 'yan mintoci, sai dai aikinta minti 30 zuwa 90 ne, ƙwayar kuma takan fi ta daɗewa a jiki, don haka ko ya farka ya ce shi ya warke a tafi gida, kar ku yarda, zai iya sake suma a hanya.

Mataki na uku: maganar da za a yi da shi

Ba a magana da mutum yana cikin caji, ɓata baki ne. Da safe ya fi, bayan ya karya, kuma ba a gaban ƙannensa ko matarsa ko baƙi ba. A zaɓi mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu kuma bai tsane su ba, wani lokacin ba uba ba ne, kawu ne ko goggo ko malaminsa na islamiyya. Taron dangi a zagaye shi kowa na jefa tasa, wannan kam rufe masa baki yake.

Mu a wajen aiki an koya mana tambaya ta fi wa'azi tasiri, kuma na gwada na gani. Maimakon "kai yanzu ba ka jin kunya?", a ce "Babana, na ga ka rame, barcinka ya lalace, shekaranjiya ka faɗi a ƙofar gida, hankalina ya tashi, gaya min me ke faruwa." Sai a yi shiru a saurara, ko da abin da zai faɗa babu daɗin ji. A tambaye shi me ƙwayar take yi masa, don tabbas akwai abin da take yi masa, wani ƙarfin aiki ne, wani don ya manta mutuwar mahaifiyarsa ne, wata don ta iya barci a gidan da ba ta da kwanciyar hankali. Sannan a tambaye shi me ta raba shi da shi. In da bakinsa ya ce "ta raba ni da sana'ata", wannan kalmar ta fi nasiha ɗari da za ku yi masa. Kar a nemi alkawarin dainawa a ranar, alkawari ɗaya ake nema, ranar kaza za mu je mu ga likita tare.

Zagi da tsinuwa don Allah a bari. Ya zo a hadisi ingantacce cewa an kawo wani mutum da ya sha giya, wani cikin mutane ya yi masa mummunar addu'a, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya ce kar ku taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Haramcin giyar ma kansa ai daki-daki ya sauka. In ya ƙi yau a sake komawa bayan kwana biyu, sai dai in ya fara barazanar kashe kansa ko wani, ko ya ɗauki makami, ko hankalinsa ya gushe, wannan ba a jiran yardarsa, a nemi taimako a kai shi a ranar.

Mataki na huɗu: asibiti, ba gidan mari ba

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na ABU a Shika suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Hukumar NDLEA ma ba kame kawai take yi ba, tana da ɓangaren ba da shawara da gyaran hali, da layin kira kyauta, 0800 1020 3040. In duk waɗannan sun yi muku nisa ku fara da babban asibitin da ke kusa, su rubuta muku takardar turawa. Na san kunyar a ce an ga ɗan wane a asibitin mahaukata ita take hana mutane zuwa, amma yawancin waɗanda muke gani da ƙafarsu suke zuwa su karɓi magani su koma wajen sana'arsu.

Gidan mari kuwa, kowa ya tuna Satumbar 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala, a watan Oktoba kuma aka sake ganin irinsa a Daura. Sarƙa tana hana mutum isa ga ƙwaya, ba ta taɓa dalilin da ya sa yake sha, kuma a irin wuraren babu mai auna masa jini ko ya gane jijjigar barin rochi ce ta kama shi. Addu'a da ruƙiya ku yi, mu ma muna yi, amma a haɗa da asibiti. Tun Janairun 2023 ma ƙasar nan tana da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, wadda ta ba mai larura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Ranar zuwa ku riƙo ledar fankon nan, ku taho da wanda ya fi sanin halinsa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in kati biyu yake sha kar a ce ƙwaya biyu don a rufa asiri, da lissafin da kuka bayar za a tsara maganinsa. Za a yi gwajin fitsari, a duba hanta da ƙoda, a nemi izininsa a gwada ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C musamman in yana allura, a kuma bincika ko akwai ciwon damuwa ko wata larurar ƙwaƙwalwa a ƙarƙashi, don sau tari ita ce tushen. Ba kowa ake ba gado ba. Wanda ya taɓa jijjiga, mai haɗa abubuwa da yawa, mai giya ko rochi mai nauyi, mai ciki, mai tunanin kashe kansa, da wanda gidansu babu mai tsaya masa, su ne ake kwantarwa, sauran suna iya zuwa daga gida.

Mataki na biyar: kwanakin da jiki yake neman abinsa

Nan ne aikinmu na jinya yake, kuma nan ne mai zaman jinya yake karaya. Ga mai tramol ko kodin abin yakan fara awa 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, ya yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya fara sauka wajen kwana biyar zuwa goma. Ba na manta wani dutin dare a watan Afrilu, ana zafin nan da ko fanka iskar wuta take hurawa, wani matashi direban adaidaita sahu a kwanansa na biyu ya lulluɓe da bargo yana kakkarwa, tsikar jikinsa duk ta tashi, hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina na zuba ba kuka yake ba, ƙafafunsa na shure-shure kamar ba nasa ba, ya ce min ji yake kamar ana sara masa ƙashi da gatari. Mahaifiyarsa ta biyo ni har tebur ta riƙe min hannu ta ce "Sista, don girman Allah ki ba shi ko rabi ne, zai mutu." Na zaunar da ita na nuna mata takardar awonsa, na ce "Mama, kin ga jininsa, kin ga bugun zuciyarsa, duk awa huɗu nake dubawa, wahala yake sha amma ba mutuwa yake ba, yau da gobe ne masu wuyar, in kika ba shi rabin nan jibi daga farko za mu sake." Ta koma ta zauna tana matsa masa ƙafa har aka kira assalatu.

Abin da ake yi masa a kwanakin nan ba wani abin mamaki ba ne, naci ne kawai. Ruwa shi ne kan gaba, kaɗan-kaɗan a kai a kai, in akwai gudawa a ba shi ORS na leda, wato haɗin gishiri da suga, in babu a haɗa na gida: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Abinci mai sauƙi, kunu, koko, fate, romo, ayaba, ko cokali uku ya ci an samu. Wanka da ruwan ɗumi da matsa jiki suna rage ciwon gaɓoɓi fiye da yadda ake zato. Ɗaki ya zama shiru, haske kaɗan, 'yan dubiya su haƙura tukuna. Likita yakan rubuta maganin amai, na gudawa, na ciwon jiki, wani lokacin da na rage kakkarwa da zufa, a ba shi yadda aka rubuta kar a ƙara, ko farasitamol ne babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu 500 a yini, mai giya ko ciwon hanta ma bai kai nan ba. Kar a je kemis a sayo maganin barci don a samu sauƙi, haka ake fita daga tramol a faɗa baliyam. Akwai magungunan da ake ɗora masu dogon kamu a kansu, metadon da bufrenofin, masu maye gurbin ƙwayar a hannun likita, suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005, ba ko'ina ake samunsu a nan ba amma ku tambayi likita.

Mai giya nasa daban ne. Rawar hannu da zufa cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga takan zo cikin kwana biyun farko, mafi haɗarin kuma wajen kwana na biyu zuwa na huɗu, ya ruɗe ya daina gane mutane, yana ganin ƙwari ko macizai a bango, jiki ya yi zafi. Shi ya sa muke ba su bitamin B1 tun da wuri don kare ƙwaƙwalwa, da maganin da likita yake ragewa kullum. Mai wiwi kuma faɗa ne da rashin barci da rashin cin abinci da munanan mafarkai, sati ɗaya zuwa biyu. Mai ais barci zai yi ta yi, sannan baƙin ciki mai nauyi ya biyo baya, a sa masa ido sosai a lokacin nan.

In a gida ake jinyar, waɗannan in an ga ɗaya a tafi asibiti ko tsakar dare ne: jijjiga, ruɗewa, zazzaɓi mai zafi, aman da ko ruwa ba ya zama, yini guda ba fitsari, ciwon ƙirji, ko maganar gara ya mutu. Wannan ta ƙarshen kar a ce neman tausayi yake, a kwashe wuƙa da igiya da fiya-fiya da duk magungunan gidan, kar a bar shi shi kaɗai. Sannan a lura da masu kawo ziyara, na taɓa ciro ƙwayoyi a tsakiyar burodi, kuma ɗan'uwansa ne ya kawo, wai tausayi.

Mata suna da tasu matsalar, ita mace ɓoye ta ake yi har sai abin ya yi nisa saboda maganar aure. Da yawa ta hanyar ciwo na gaskiya suka shiga, sikila ko tiyata ko ciwon mara, aka fara yi musu allurar penta, daga baya suka koyi yi wa kansu, za ku ga cinya ko damtse ya yi tauri da gyambon da ya ƙi warkewa. Mai sikila ba a ce mata ta daina maganin ciwo shikenan, sai an haɗa da likitan jini an tsara mata wata hanyar. Mai ciki kuma kar ta yanke kodin ko tramol da kanta, cikin zai iya zubewa ko naƙuda ta taso kafin lokaci, ta faɗa wa masu awo gaskiya don a shirya wa jaririn ma.

Mataki na shida: bayan sallama

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne a ɗauka an wanke masa jini ya warke. Kwana goman nan share fage ne kawai, masana sun nuna jinyar da ba ta kai wata uku ba amfaninta kaɗan ne, kuma sha'awar abin takan yi watanni tana dawowa. Ranar asibiti kar a fasa ko ya yi ƙiba ya yi kyau. Maganin da aka ba shi wani babba ne zai riƙe ya dinga ba shi yana gani ya haɗiye, musamman in akwai egzol a ciki, don shi ma ana shansa don maye.

Kuɗi kar a damƙa masa da yawa a watannin farko, a saya masa abin da yake buƙata, in yana sana'a a yi yarjejeniya wa zai riƙe cinikin. Layin waya a canja da yardarsa, don dila ya fi kowa sanin ranar da aka sallame shi. Majalisar da yake zama dole ya bar ta, amma fa in kun raba shi da ita ba ku ba shi wata ba zai koma, mutum ba ya zama shi kaɗai yana kallon bango. A nema masa abin da zai cika yininsa tun daga asuba, shagon kawu, koyon ɗinki ko walda ko gyaran waya, ƙwallon yamma, karatu tsakanin magariba da isha. In aikin ƙarfi ne ya jefa shi tun farko kar a mayar da shi kan awa goma sha huɗu a rana a ce ya yi da ƙarfin tuwo, a rage masa. Ku zauna da shi ku lissafa abubuwan da suke tayar masa da sha'awar, wani lungu ne, wani ranar biyan kuɗi ce, wani faɗa da matarsa, wani gidan biki, kowanne a shirya abin da zai yi in ya zo. Ku gaya masa sha'awar tana tasowa ne ta yi ƙarfi ta sauka, galibi cikin minti 15 zuwa 30, in ya tashi daga wurin, ya yi alwala, ya kira wanda aka ware masa, ya taka zuwa wani wajen, za ta wuce. Barci yakan yi wata ɗaya ko fiye bai daidaita ba, a rage shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari da yamma, a haƙura.

Batun a yi masa aure zai shiryu, don Allah a dakata. Na ga 'yan mata da yawa da aka mayar masu jinya ba da saninsu ba, wasu ma suka koyi sha a ɗakin. Ya samu tsawon lokaci a tsaye tukuna, kuma a faɗa wa dangin yarinyar gaskiya. Ke kuma mai jinya, uwa ko mata ko yaya, ki samu mai karɓarki, ki dinga auna jininki, na sha ganin an sallami ɗa an kwantar da uwa. Ki daina biya masa bashin dila kina ɓoye wa mahaifinsa, a faɗa masa iyakar gidan a sarari, ba sata, ba duka, ba shigo da ƙwaya, kuma abin da aka ce za a yi in ya karya a yi shi ba tare da wulaƙanci ba.

In ya koma fa

Zai iya komawa, tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye sukan koma aƙalla sau ɗaya, kusan daidai da yadda hawan jini ko asma suke tasowa bayan an samu sauƙi, kuma ba wanda yake korar mai hawan jini daga gida don jininsa ya sake hawa. Sai dai akwai haɗarin da dole shi kansa ya sani tun kafin a sallame shi, ni da bakina nake gaya musu: bayan sati biyu uku ba ka sha ba jikinka ya manta, adadin da kake sha da kana tafiya garau yanzu shi zai iya tsayar maka da numfashi, balle a haɗa da rochi ko giya. Wannan ya shafi wanda ya fito daga gidan yari ko gidan mari shi ma, makonnin farkon nan su ne mafi haɗari.

Ranar da kuka ga alamar ya sha, daren nan a kwantar da shi ta gefe, wani ya kwana kusa da shi yana duba numfashinsa, faɗa kuma a bar shi. Da safe in ya wartsake a tambaye shi me ya faru jiya kafin ya sha, ina ya je, wa ya gani, me aka ce masa, a rubuta. Kar a jira ranar da aka ba ku a kati, a koma asibiti cikin satin, da takardar nan da fankon abin da ya sha, a gaya wa likita adadin da lokacin, sai a duba ko maganin ne za a gyara, ko zaman shawarar za a ƙara, ko kuma a sake ba shi gado na 'yan kwanaki.